Kurtu Ya Iya Fareti, Ya San Sashe Na 79 Kuwa?

Tun bayan da sojoji suka karɓe Singa a watan Nuwamba na 2024, suka kuma shiga Wad Madani a watan Janairu na 2025, aka shiga ƙoƙarin sake buɗe ofisoshin 'yan sanda da na niyaba da kotuna a garuruwan da yaƙi ya ɗaiɗaita. Wannan abin hamdala ne, domin kuwa duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a hanya da kaya a lokacin da babu hukuma ya san darajar ko da ɗan sanda guda ne a bakin tasha. To amma akwai tambayar da ta kamata mu yi tun da sauran lokaci. Samarin da ake ɗauka wannan aiki, waɗanda a nan ake kira mustajiddin, a ƙasar Hausa kuma a ce musu kurata, me ake zuba musu a kai kafin a miƙa musu kaki da bindiga?

Ra'ayina shi ne, darasin farko da ya kamata kurtu ya haddace shi ne dokar tsarin shari'ar laifuka ta 1991, wadda ake kira Ƙanunul Ijra'atil Jina'iyya, tare da kalmomin da ke cikinta. Fareti da gaisuwar manya da kwance bindiga duk suna da muhimmanci, ban musa ba. Sai dai ɗan kasuwar da ya taso daga Damazin zuwa Gisan ko Kurmuk, ko wanda ya ɗauko kaya daga Galabat, ba a filin fareti yake haɗuwa da kurtu ba. A shingen hanya yake haɗuwa da shi, ko a kan kantar ofis da tsakar dare lokacin da hafsa ya tafi gida. A wannan sa'a, abin da yaron nan ya sani game da doka shi ne dokar ƙasa baki ɗaya a wurin wanda ya kama.

Wataƙila mai karatu bai san cewa wannan doka tana da dangantaka ta jini da ƙasar kakanninmu ba. Turawan Ingila ne suka kafa wa Sudan dokar laifuka da ta tsarin shari'a a 1899, sun kwaikwayo su daga na Indiya, aka sake musu fasali a 1925. Da Jihar Arewa ta Nijeriya ta tashi gyara kotunanta a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, sai ta gayyaci kwamitin masana a 1958, kuma wanda ya shugabance shi shi ne Alƙalin Alƙalan Sudan na lokacin, Muhammad Ahmad Abu Rannat. Shawarar da suka bayar ita ta haifi dokokin da suka fara aiki a Arewa a 1960, bisa samfurin na Sudan. Ke nan shekaru da dama ɗan sandan Kano da na Sinnar kusan littafi ɗaya suke karantawa. A nan an canza dokar a 1974, Numairi ya sake canza ta a 1983, sannan aka zo ga ta 1991 da ake yi wa gyare-gyare har zuwa yau. Saboda haka kada Bahaushen Mai Wurno ko na ƙauyukan Jazira ya ɗauka wannan wani karatu ne na wasu mutane da bai shafe shi ba.

Mu fara daga kalmar da kowa ke furtawa a kasuwa idan rai ya ɓaci: balagi. Mutum zai ce wa abokin cinikinsa, wallahi sai na buɗe maka balagi, kamar dai balagin nan hukunci ne. Alhali kuwa balagi labari ne kawai da aka kai wa hukuma cewa an aikata laifi. Akwai kuma shakwa, wato ƙorafin da wanda aka cuta da kansa ko wakilinsa yake kaiwa, kuma akwai laifukan da ba a buɗe shari'arsu sai da ita. Wanda aka kai ƙararsa sunansa muttaham, wanda ake tuhuma, kuma sashe na 4 na dokar ya faɗa ƙarara cewa ba shi da laifi har sai an tabbatar, ba a kuma tilasta masa ya ba da shaida a kan kansa. Kurtun da bai rarrabe tsakanin muttaham da mai laifi ba, shi ne za ka ga ya fara mari tun daga bakin mota. Hasali ma ba kowane ƙorafi ne ke zama balagi nan take ba. Sashe na 47 ya ba wakilin niyaba damar yin binciken share fage domin ya gane ko maganar tana da tushe. Mutumin da aka kira a ƙarƙashin wannan sashe an kira shi ne a ji ta bakinsa, ba a riga an tuhume shi ba.

Wakilin niyaba ɗin nan fa shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma shi ne mutumin da 'yan kasuwarmu suka fi jahilta. Da yawa sun ɗauka daga ɗan sanda sai alƙali. A tsarin Sudan, niyaba ce ke kula da bincike, ita ke ba da umarnin kamu, ita ke tuhuma, ita ke da ikon soke balagin da ba shi da hujja, ita kuma ke tura fayil kotu. A da tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, amma tun 2017 aka raba su, ta zama hukuma mai zaman kanta ƙarƙashin Na'ibul Am. Ɗan sandan da ke rubuta bincike, wato mutaharri, a ƙarƙashin kulawarta yake aiki. Inda kuwa babu wakilin niyaba, kamar yadda yake a wasu garuruwan karkara, doka ta ɗora wa alƙali wannan nauyi.

Yanzu ga sashen da na sa a kan wannan rubutu. Sashe na 79 shi ya ƙayyade tsawon lokacin da za a tsare mutum a harasa domin bincike. Ɗan sanda a karan kansa ba shi da ikon riƙe ka fiye da awa 24. Idan ana bukatar ƙari, wakilin niyaba ne zai sabunta, shi ma iyakarsa kwana 3. Daga nan sai alƙali, wanda zai iya sabuntawa mako-mako, amma jimla kada ta wuce mako 2, kuma sai ya rubuta dalili. Bayan wannan, sai in an riga an tuhumi mutum a hukumance, sannan alƙalin da ke sama zai riƙa sabuntawa duk mako 2, ba kuma za a haura wata 6 ba sai da yardar shugaban alƙalan jihar. Bugu da ƙari, sashe na 81 ya wajabta wa wakilin niyaba ya zagaya ɗakunan tsare mutane kullum, ya duba littafin kamu, ya ga yadda ake riƙe da su.

Jama'a, wannan duka bai kai rabin shafi ba. Yaron da ya iya haddace lambobin wayar abokansa zai iya haddace shi a zama ɗaya. Amma sau nawa muke jin an ce wane yana gisim yau kwana biyar, ana jiran hafsa ya dawo daga tafiya? A shirinmu na rediyo, duk ranar da muka taɓo wannan batu sai layin waya ya cika, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce: an kama ɗana, ko an kama yaron shagona, wa zan je wurinsa? Amsar ita ce, in awa 24 ta cika, ka daina zaryar roƙon mai gadin ƙofa. Ka nemi ofishin niyaba, ka faɗi sunan wanda aka tsare da lokacin da aka kama shi, ka tambaya ko an sabunta tsarewar, kuma wa ya sa hannu. Sashe na 83 ya ba wanda aka kama haƙƙin a mutunta shi, kada a cutar da jikinsa ko zuciyarsa, a duba lafiyarsa, ya tuntuɓi lauyansa, ya ga wakilin niyaba ko alƙali, a kuma sanar da iyalinsa. Ba alfarma ake yi masa ba.

Sai maganar damana, wato beli, inda nan ne 'yan kasuwa suka fi ƙonewa. Akwai damana ta yau da kullum, wadda mutumin kirki mai sanannen mazauni da takardar shaida zai tsaya wa wanda aka kama, ya yi alkawarin kawo shi duk lokacin da aka neme shi. Alhaji, kafin ka sa hannu a takardar nan don kunyar ɗan garinku, ka sani cewa idan ya tsallaka Habasha ya ɓace, kai za a nema, kuma kuɗin da aka rubuta a kanka zai faɗa. Laifukan da hukuncinsu kisa ne kuwa ba a ba da damana a kansu yadda ake bayarwa a sauran.

Amma babban ramin shi ne shek. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mayar da bayar da shek ɗin da banki ya dawo da shi laifi, mai hukuncin tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko duka biyun. Sannan sashe na 107 na dokar tsarin shari'a ya ce wanda aka kama kan shek ko kan dukiyar gwamnati ba a sakinsa sai ya ajiye kuɗin da bai gaza wanda ake ƙara a kansa ba, ko shek ɗin da banki ya tabbatar, ko takardar lamuni daga banki. Wato a nan tsayawar mai unguwa ko ta limami ba ta fitar da kowa. Wanda ya ji kalmar yabƙa lihinis sadad, ya zauna har sai ya biya, ya san gidajen da ta rushe a ƙasar nan. Mutanen Fashir sun ɗanɗana a 2010 lokacin da kasuwar da aka yi wa laƙabi da Mawasir ta durƙushe, ta bar dubban mutane riƙe da takardun shek marasa amfani. Duk da haka har gobe za ka ga ɗan kasuwa ya karɓi buhunan riɗi ko na dawa bashi, ya miƙa shek babu kwanan wata, wani lokaci ma babu adadi, wai don a yarda da shi. Wannan mutum ya ba wani makullin kurkukunsa ya ajiye masa a aljihu.

A nan kuma dole in juyo kanmu, domin ba kurtu kaɗai ke da laifi ba. Mu ne muke lalata shi. Bashi na ciniki, wanda aka yi da yardar juna aka kasa biya, maganar kotun madaniyya ce, kotun haƙƙoƙi, ba ta 'yan sanda ba. Amma saboda mun san wancan hanya tana da tsawo, sai mai kuɗi ya je gisim ya juya labarin, ya ce zamba ce a ƙarƙashin sashe na 178, ko cin amana a ƙarƙashin na 177, domin kawai a kulle abokin cinikinsa ya kwana biyu, danginsa su tsorata su haɗa kuɗi. Kurtun da ya san bambancin bashi da zamba zai iya duban Alhaji ya ce masa, ranka ya daɗe, wannan ba wurinta ba ne. Wanda bai sani ba kuwa ya zama yaron karɓar bashin duk wanda ya fi ƙarfi a kasuwa. Yau kai ne mai ƙarfin, gobe wani ne, kuma kurtun da ka koya wa wannan hanya ba zai manta da ita ba ranar da aka kawo ƙararka.

Haka batun bincike da kwace kaya. Doka ta ce a yi binciken gida ko shago da takardar umarni, sai a wasu halaye da ta keɓe, a gaban shaidu biyu, waɗanda in da hali su kasance dangi ko maƙwabta, a rubuta duk abin da aka ɗauka, a ba mai wurin kwafinsa. Mace kuwa mace ce ke bincika ta. Kayan da aka ɗauka sunansu ma'arudat, kayan shaida, amana ce a hannun hukuma har a gama shari'a. Ɗan kasuwar da aka sauke masa katan 40 na sabulu ko buhu 20 na sukari a shinge, ya tafi ba tare da takardar da ta faɗi adadin ba, kada ya yi mamaki in ya dawo ya tarar da rabi. Ga shi kuma yaƙin nan ya cika kasuwanni da kayan da aka wawashe daga gidajen mutane a Khartoum da Jazira. Sashe na 181 yana hukunta wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya zargi hakan. Wanda ya sayi injin ban-ruwa ko firiji a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, babu rasit babu shaida, zai sha wahalar gamsar da alƙali cewa bai yi zargin komai ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a wannan zamani kuwa har harasa take kai mutum.

Abin da ya fi damuna a matsayina na Bahaushe shi ne harshe. Yaranmu da suka yi makaranta suna jin Larabci kamar kowa, amma akwai dattawa da mata a ƙauyukanmu da a kanabi waɗanda Larabcinsu na cefane ne. Larabcin kasuwa daban, na yaumiyyar taharri daban. Yaumiyyar nan ita ce littafin da mutaharri ke rubuta duk abin da aka faɗa da abin da aka yi tun daga buɗe balagi, kuma idan aka je kotu, shi mutaharrin ne kan fara tsayawa ya karanto ta kafin a ji shaidu. Dattijo ya ce na karɓi kayan, yana nufin an ba shi ajiya, a rubuta cewa ya amsa laifi. Doka ta tanadi a fassara wa wanda ake tuhuma duk maganar da aka yi a kotu da harshen da ba ya ji, amma kafin a kai kotu an riga an yi ɓarnar a kan kanta. Ya kamata kowa ya sani cewa amsa laifin da ake kira i'itirafi ƙada'i a gaban alƙali ake yin sa, ba a ɗakin bincike ba, kuma mutum yana da damar ya ce a karanta masa abin da aka rubuta, a fassara masa, kafin ya dangwala yatsa. Gyaran da aka yi wa dokoki a watan Yuli na 2020 ya ƙara tsananta haramcin azabtar da wanda ake tuhuma. Sai dai dokar shaida ta 1994 tana da wata kafa a sashe na 10, inda ta bar wa kotu damar karɓar hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba idan ta natsu da ita. Masana shari'a sun daɗe suna kukan a toshe wannan kafa, ni ma ina tare da su. Wanda aka taɓa lafiyarsa kuwa, ya nemi urnik 8, takardar da likita ke cikewa, tun rauni bai warke ba.

Idan magana ta kai kotu, a riƙe abu biyu. Bayan an ji masu ƙara da shaidunsu, alƙali na iya korar shari'ar tun kafin a nemi wanda ake ƙara ya kare kansa, idan ya ga hujjar ba za ta kai ga hukunci ba. Idan kuma an yanke hukunci, kwana 15 ne kacal ake da su na ɗaukaka ƙara, wato isti'inafi. Mutanenmu kan ɓata kwanakin nan wajen zaman jaje da neman wanda ya san wani babba, sai an farga lokaci ya ƙure.

Na san abin da wani zai ce: malam, ƙasa tana cikin yaƙi, kana maganar awa 24? Gaskiya ne akwai dokar ta-ɓaci ta 1997 da gwamnoni ke aiki da ita, kuma a 2024 an mayar wa hukumar leƙen asiri ikon kamu da tsarewa. Gaskiya ne kuma an gurfanar da mutane da yawa kan zargin haɗa kai da Da'amus Sari'i a ƙarƙashin sashe na 50 da na 51 na dokar laifuka, waɗanda hukuncinsu kan kai ga kisa. To ai wannan shi ya ƙara wa maganata nauyi. A lokacin da zargi ɗaya daga bakin abokin gaba a kasuwa zai iya kai mutum ga igiya, a lokacin ne aka fi bukatar ɗan sandan da ya san cewa jita-jita ba hujja ba ce, kuma kamannin mutum ko harshensa ko rashin lambar ɗan ƙasa a aljihunsa ba laifi ba ne a kowane sashe. Sannan rigimar awo da ta bashi da ta iyakar gona ba su da alaƙa da ta-ɓaci, bai kamata a fake da ita a kansu ba.

Mu da muka ga abin da ya faru a Nilul Azraƙ a 2022 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Rikicin da ya tashi a watan Yuli ya ci Gisan da Rusairis, ya sake dawowa a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu. Duk inda mutane suka fid da rai cewa ƙararsu za ta bi hanya ta kai ga alƙali, to kowa dangi zai kira. Judiyya da sulhun dattawa suna da babban matsayi, dokar ma ta yarda mai haƙƙi ya yafe nasa a laifukan da suka shafe shi shi kaɗai, abin da ake kira tanazul. Amma sulhu yana yin ƙarko ne idan kowane ɓangare ya san akwai kotu a bayansa.

Don haka ina kira ga shugabannin 'yan sanda na jihohin Jazira da Sinnar da Nilul Azraƙ da kada a yaye kurtu sai ya ci jarrabawar baka a kan kamu da tsarewa da bincike da damana, a gaban wakilin niyaba, kuma a riƙa tura masu jin Hausa da Fulatanci da Barta da sauran harsunan yankin zuwa ofisoshin da ake bukatarsu. Iyayenmu kuma su daina hana yaran da suka gama sakandare shiga wannan aiki, domin tafinta mafi amfani shi ne wanda ke zaune a bayan kanta sanye da kaki. Kwamitocin kasuwa su ma ba sai sun jira gwamnati ba. Kuɗin da ake tarawa na shayi a taro guda ya isa a ɗauko lauya daga Singa ko Damazin ya zauna da 'yan kasuwa yini ɗaya, a fassara sashe na 79 da na 83 da na 107 da Hausa, a rubuta da boko da ajami, a manna a ƙofar ofishin kasuwa tare da kwatancen inda ofishin niyaba mafi kusa yake.